Gaisuwar Albert

Marigayi Albert, wanda ya yi aiki a ɗakin gwajin ƙasa a Samaru, mutum ne mai son ƙirƙire-ƙirƙire. Kafin ya rasu ya yi wa tsohuwar kwamfutarsa wata dabara: ya cire ƙarar da take yi in an kunna ta, ya sa muryarsa a gurbin. Kullum da safe matarsa Rhoda takan danna maɓalli ta ji ya ce, "Maman Sarah, an tashi lafiya? Sha shayinki kafin ya huce." Sai ɗan tari ya biyo baya. Ba ta da muryarsa a ko'ina sai nan.

Da kwamfutar ta fara nauyi, Rhoda ta naɗe ta a zane ta kai Sabon Gari, shagon Nonso mai gyara.

"Ɗana, ka gyara, amma kada ka goge mini komai," in ji ta. Kunya ta hana ta ambaci muryar. Ina tsohuwa za ta ce miji na gaishe ta daga cikin inji?

"Mama, ko hoto ɗaya ba zan taɓa ba," in ji Nonso.

Bai kunna ta yadda aka saba ba. Ya soka mata filashinsa mai ɗauke da manhajar gyara, ya shiga cikinta ta ƙofar baya. Ya ce kowane fayil da ya zo da manhaja yana da shaida kamar zanen yatsa, kuma zai gwada kowanne da na asali. Rubutu ya yi ta gudu a baƙin allo, har Rhoda ta fara gyangyaɗi.

Can Nonso ya buga tebur. "Na kama ɓarawo! Fayil ɗaya bai dace da na asali ba. Wani ya taɓa shi."

"Cuta ce?"

"Wa ya sani, Mama? Na riga na ɗora na asali a kansa. Yanzu tana nan kamar ranar da ta fito daga kwali. Kunna da kanki."

Rhoda ta danna. Allo ya haskaka, sai wata 'yar ƙara mai zaƙi: tilin!

Ta jira. Babu tari, babu shayi.

"Ina Albert?"

"Wane Albert?"

Da ta gaya masa, Nonso ya ɗora hannu biyu a ka. "Chineke! Mama, me ya sa ba ki faɗa ba?" Ya koma ciki yana tono, gumi na ɗiga a kan maɓallai. Daga bisani ya janye hannunsa. Sabon fayil ya kwanta daidai inda tsohon yake, ya shafe muryar gaba ɗaya.

Rhoda ba ta yi kuka ba. Ta buɗe baki za ta maimaita masa gaisuwar, ko zai gane girman abin, sai ta tsaya cak. Tarin nan, kafin maganar shayi yake zuwa, ko bayanta?