Yadi Arba'in a Agogon Kawu Ozell

Agogon yana nan a aljihun teburina, tare da tsofaffin makullan da ba sa buɗe komai yanzu. Baƙi ne, na roba, mai igiyar ratayawa a wuya. Shekara goma sha ɗaya na yi ina auna gudun Dontrell Haygood da shi, ɗan ƙanwata Earline, kuma a duk shekarun nan da wani ya ce mini agogon yana ƙarya, da sai an raba mu.

A garinmu Tillery, nan Mississippi, in yaro yana buga ƙwallonmu ta Amurka, wadda ake runguma a ruga da ita, ba a damu da sunan ubansa ba. Tambaya ɗaya ce: yadi arba'in a sakan nawa yake cinye shi? Tsofaffi a shagon aski, mata a bakin coci, kowa ya san lissafin. Sakan huɗu da ɗigo huɗu, wato huɗu-huɗu a bakinmu, yaro ya kama hanya. Huɗu-shida kuwa, ga mai cafe ƙwallo irin Dontrell, sai dai a yi masa fatan alheri a wata sana'ar. Tsakaninsu bai wuce ƙiftawar ido ba, amma a kansa manyan ƙungiyoyi ke ɗaukar mutum ko su bar shi.

Ni direban motar 'yan makaranta ne, kuma ban taɓa haihuwa ba. Da uban Dontrell ya tafi Memphis neman aiki ya manta hanyar dawowa, sai yaron ya zama nawa. Duk Asabar da safe mu je filin makarantar sakandare, ya durƙusa ya dafa ƙasa da hannu ɗaya, ni ina tsaye a layin ƙarshe da agogona. Ya taso a guje, na danna, na faɗa masa lambar, ya yi tsalle. Lokacin da ya kai shekara ashirin da ɗaya, yana bugawa wata ƙaramar jami'a mai nisan awa biyu daga gida, agogona huɗu-uku-tara yake ba shi. Babu wanda ban gaya wa ba. Har mai kawo wasiƙu ya haddace.

Kuma yaron ɗan wasa ne, wannan ba son kai ba ne. Ƙwallo in ta taɓa hannunsa kamar an shafa masa danƙo. A shekara uku ban taɓa ganin an kamo shi ta baya ba.

A watan Janairu kocinsa, Rutledge, ya tuƙo mota har Tillery. Earline ta soya tarwaɗa, ta gasa burodin masara, muka zauna mu huɗu a teburin kicin ɗinta. Saura shekara ɗaya Dontrell ya gama jami'a, amma yana son ya ba da sunansa a zaɓen 'yan wasa na watan Afrilu, inda manyan ƙungiyoyi ke ɗibar matasa. Ƙa'idar kowa ya san ta: ka ba da suna, ka fita ke nan. Ba komawa ƙungiyar jami'a, kuma karatun kyauta da ƙwallon ta samo maka ya tafi tare da ita.

Koci ya ture farantinsa ya ce, "Miss Earline, ku bar shi ya ƙara shekara ɗaya. Ya karɓi digirinsa, ya ƙara ƙarfi. Na auna shi da na'ura sau uku, huɗu-shida yake yi."

Na ce, "Wace na'urar? Wadda kuka sayo a gwanjo?"

"Mista Ozell, ba faɗa na zo yi ba."

"Ai na san abin da ya kawo ka. In yaron nan ya tafi, wa zai riƙa cafe maka ƙwallo? Sai dai ka cire hular nan ka shiga fili da kanka, da wannan tumbin naka!"

Earline ta ce, "Yaya, a teburina kake fa."

Ban ji ba. Na ciro agogon daga cikin rigata na buga shi a kan tebur har kofunan shayi suka girgiza. Koci ya dubi agogon, ya dube ni. Shi kuwa Dontrell bai kalli kocinsa ba, bai kalli uwarsa ba. Ni ya kalla.

Ya ce, "Kawu, ka tabbata?"

Na ce, "Ka taɓa jin na yi maka ƙarya?"

Ranar Litinin ya sa hannu a takardar.

A watan Maris aka yi ranar gwaji a jami'arsu. Masu farautar 'yan wasa su goma sha ɗaya suka zo daga manyan ƙungiyoyi, kowa da agogonsa da allon rubutu, ga kuma na'ura an kafa a farkon layi da ƙarshensa. Na sa kwat ɗina ta zuwa coci, na samu wuri daidai layin ƙarshe. Dontrell ya durƙusa, ya taso, ya wuce ni kamar yadda ya saba. Na duba agogona, huɗu-uku-tara. Ina shirin ihu sai na ji mai na'urar ya ɗaga murya.

"Haygood, huɗu-shida-uku."

Ya sake gudu na biyu. Huɗu-shida-ɗaya.

Ban san lokacin da na tsallake igiyar da aka kewaye wurin da ita na shiga fili ba. Wani dattijo cikin masu farautar, Brannigan aka rubuta a ƙirjin rigarsa, ya tare ni da hannu, ya ja ni gefe. Ya karɓi agogona ya jujjuya shi.

Ya ce, "Agogonka lafiyarsa lau, ɗan'uwa. Kai ne babansa?"

"Kawunsa."

"Duk ɗaya ne. Yaushe kake dannawa?"

"In ya tashi mana! Da yaushe zan danna?"

"Mu da hannunsa ya bar ƙasa muke dannawa. Kai daga can nesa sai ka ga ya ɗaga ƙafa, ka riga ka ba shi kyautar taku guda. A ƙarshe kuma kafin ƙirjinsa ya iso layi ka tsayar, don zuciyarka ta riga shi isowa. Shekara ashirin da shida ina wannan yawo, ban taɓa ganin uban da yatsansa ba ya haka ba."

Na karɓi agogona na mayar cikin riga. Ni Ozell, wanda ko fasto ba ya cin gardama da ni, yau an ci ni.

Da ƙyar na ce, "Amma ka ga wasanninsa? Ba a taɓa kamo shi ba."

Ya ce, "Na kalli bidiyonsu duka. Ya san inda ƙwallo za ta faɗo kafin mai jefa ta ya sani, shi ya sa yake riga masu tare shi. Ni da kaina na fi yarda da wannan a kan agogo. Amma in na shiga ɗakin da ake zaɓe da huɗu-shida daga ƙaramar makaranta, ba za su bari na ƙarasa faɗin sunansa ba. Da ya ƙara shekara ya tara musu abin kallo, da wataƙila na samu bakin magana."

A hanyar komawa gida awa biyu muka yi a mota. Na so in gaya masa abin da Brannigan ya faɗa, kunya ta hana ni.

Zaɓen kwana uku ake yi, a kira sunaye sama da ɗari biyu da hamsin. Ranar Asabar ta ƙarshe gidan Earline ya cika, don ni da bakina na gayyaci rabin garin tun a Janairu. An aro kujeru daga coci, an gasa haƙarƙari, Sista Odessa ta cocinmu ta kawo kek mai siffar ƙwallo da sunansa a kai. Dontrell ya zauna gaban talabijin da farar riga, wayarsa a kan gwiwarsa, don ƙungiyar da ta zaɓe ka bugo maka take yi. Sau ɗaya ta yi ƙara, kowa ya juyo, ashe ɗan'uwanmu ne daga Jackson yana tambaya ko an kira. Aka kira sunan ƙarshe ba a kira nasa ba. Bayan haka ƙungiyoyi sukan bugo wa waɗanda suka rage su zo gwaji, muka ƙara jiran awa biyu. Mutane suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa da ƙunshin abincinsa. Ba wanda ya iya yanka kek ɗin.

Na jira Earline ta zage ni. Da ta zage ni da na ji sauƙi. Abin da ta ce kawai shi ne, "Yaya, kwashe kujerun fasto ka mayar masa."

Kowa ya san so hana ganin laifi ne. Ni ban san yana hana ganin lamba ba. Na yi kuka a cikin mota, da kujeru a baya, a bakin ƙofar coci.

Dontrell ya samu aiki a kamfanin gyaran tarwaɗa da ke bakin gari, inda uwarsa ta yi shekara ashirin tana aiki, tana fatan kada ya taɓa shiga. Wata biyu bai zo gidana ba, ni kuma ban da fuskar zuwa. Sai wata Asabar a watan Yuni na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa da sassafe. Shi ne, da takalman gudunsa a hannu.

Ya ce, "Kawu, ɗauko agogon."

A fili na gaya masa duk abin da Brannigan ya faɗa, ban rage komai ba. Ya saurara yana ɗaure igiyar takalmi.

Ya ce, "To yau ka yi yadda suke yi. Ina so in ji gaskiyar daga bakinka."

Na tsaya a layin ƙarshe, na zuba wa hannunsa ido, na yi wa kaina alkawari da ya bar ciyawa zan danna, kuma sai ƙirjinsa ya ƙetare zan tsayar. Ya taso. Na ga yana zuwa, kafaɗunsa, yadda yake cije leɓe tun yana ɗan shekara goma. Ya wuce. Ya dawo yana haki, ya dafa gwiwoyinsa.

"Nawa?"

Na duba lambar, na san yatsana ya sake riga shi. Na miƙa masa agogon. Huɗu-huɗu daidai.

Ya daɗe yana kallonsa. Sai ya yi 'yar dariya, ya goge ido da bayan hannu, ya rataya mini igiyar a wuya da kansa.

Ya ce, "Ka gani, Kawu? A wurinka kaɗai nake da gudu."

Ya cire takalman, ya ce in sauke shi a kamfani, ƙarfe tara zai karɓi aiki.