'Yan Gefe da 'Yan Tsakiya

Tun kafin a haife ni Baba da Mama suke gardama a kan burauni, wani irin kek na cakulan, kuma ban taɓa ganin ranar da ɗayansu ya sauko ba. Shagonmu yana bakin babban titin garin, tsakanin shagon aski da kantin magani, an rubuta Kubiak a saman ƙofa. Muna gasa burodi da kek iri-iri, amma burauni ne ya fitar da sunanmu. Baba zai zuba kwaɓin cakulan a babban tire, ya gasa, ya bari ya huce, sannan ya yanka shi gida-gida. A wajensa gefen tire ne burauni, inda wuta ta taɓa ya yi ƙamas-ƙamas. Mama kuwa tsakiya take so, mai laushi da danƙo, wadda ke manne wa mutum a haƙori.

"Lorraine, ke fa ɗanyen ƙullu kike ci," in ji Baba, a gaban masu ciniki.

Sai ta ce, "Kai kuma gawayi, Vernon. Allah dai ya bar maka haƙoranka."

A watan Afrilun bara Baba ya faɗi a bakin tanderu. Shanyewar ɓarin jiki ce. Ya dawo daga asibiti hannun dama ba ya motsi, ƙafa yana janta, magana kuma ta ƙi fita sai da kyar. Wannan mutumin da yake tsare mai sayen burodi da hira har kofinsa ya huce, ya koma kalma ɗaya sai an roƙe shi. Ya ƙi zuwa shago, ya ƙi zuwa coci. Kawu Hal, amininsa tun suna yara, wanda ya yi ritaya daga raba wasiƙu, ya yi ta zuwa ana ce masa Baba yana barci, alhali yana zaune a falo ya zuba wa talabijin ido. Matar da ke zuwa koya masa magana ta ce harshensa ya fi yadda yake nunawa, ƙi ne kawai yake yi.

Ni na ajiye aikina a birnin Milwaukee na dawo gida na kama wa Mama. Mutane suna zuwa, amma ba sa zama. Su saya, su tambayi jikin Baba da murya ƙasa-ƙasa, su fita. Shagon ya zama kamar ɗakin jiran likita.

Cikin Nuwamba na ce wa Mama, "Kin san takwas ga Disamba Ranar Burauni ce?"

Tana murza ƙullu, ko ɗagowa ba ta yi ba. "In ji wa?"

"Haka yake a intanet. Duk shaguna suna yin wani abu."

"Wato wani mara aikin yi ya zauna ya ƙirƙiro, ku kuma kuka ce amin. Gobe ma a ce Ranar Cokali."

Na ce ta dai saurare ni. Za mu ajiye manyan kwalabe biyu a kan kanta, ɗaya ta gefe, ɗaya ta tsakiya. Duk wanda ya sayi burauni a ba shi ƙwayar wake ya jefa inda yake so. A fara tun mako guda kafin ranar, a ranar kuma a ga wanda ya ci. Sai na nuna mata takardar tallan da na tsara. Wani tsohon hoto ne da aka ɗauke su a wajen cin abincin coci, sun juya wa juna baya suna dariya. A ƙarƙashin Baba na rubuta Gefe, a ƙarƙashinta Tsakiya.

Fuskarta ta canza. "Denise, ubanki ba ya so ko maƙwabci ya gan shi, ke kuma za ki manna shi a taga kowa ya kalla?"

"Hoton da ne, Mama."

"Shi ya fi ciwo ai. Ba ruwana. Je ki tambaye shi da kanki."

Da yamma na kai masa takardar, na ɗora a kan cinyarsa, na yi masa bayani. Ya daɗe yana kallonta. Har na miƙa hannu zan ɗauke, sai ya danne ta da hannun hagu. Ya sa yatsa a kan hoton Mama, ya buɗe baki, ya ce, "Ɗanye."

Sarai ta fita, ba wanda ya roƙe shi. Mama tana tsaye a ƙofar kicin da tukunya a hannu. Ta ajiye ta a hankali.

"Me ka ce?"

"Ɗanye," in ji Baba, yana kallonta.

Ta goge hannu a jikin rigarta. "Denise, je ki buga shi. Ki sa a yi shi babba, yadda na tsallaken titi zai karanta."

Daga ranar da muka ajiye kwalaben, Mama ta zama wata daban. Matar da ta ce shirmen marasa aikin yi ne, ita ce ta koma yaƙin neman zaɓe ba kunya. In mutum ya karɓi wakensa sai ta tsare shi da ido. "Ka tuna wanda ya yi maka kek ɗin aurenka," ta ce wa ɗan mai kantin magani. Ta buga wa Misis Odegaard waya, shugabar mawaƙan cocinmu, washegari sai ga matan nan sun shigo ayari guda, kowace ta jefa a tsakiya. Da an tashi kuma ba ta barin kwalaben a shago. Sai ta rungumo su zuwa gida, ta dasa su a tsakiyar teburin cin abinci, daidai gaban Baba.

"Ka ga taka, Vernon? Ko miyar mutum ɗaya ba za ta yi ba. Ashe duk shekarun nan kunyarka mutane suke ji."

Baba ya harare ta, ya ture farantinsa.

Abin ya dame ni. Muna wanke-wanke na ce, "Mama, kin fa matsa masa. Ba shi da bakin ramawa."

Ta ce, "Ke, na san mijina kafin ki san sunanki. Tausayi ya ishe shi. Likita tausayi, fasto tausayi, ke ma da kin shigo sai ki rage murya kamar an yi rasuwa. Abokin faɗa ya rasa."

Washegari da safe Baba ya buga sandarsa a ƙasa har na zo. Ya nuna waya, ya ce, "Hal."

Kawu Hal ya iso ko hularsa bai daidaita ba. Suka shige falo aka rufe ƙofa. Muryar Kawu Hal kawai nake ji, sai can Baba ya yi gurnani, sai Kawu Hal ya ce, "Haka ne, haka ne, na manta da su." Da ya fito ya kashe mini ido. "'Yata, ki ƙara yawan gefe. Kada ki ce ban gaya miki ba."

Ilai kuwa. Sai ga 'yan kwana-kwana a motarsu, sai mai aski da duk wanda yake kan kujerarsa, sai tsofaffin da ke kamun kifi tare da Baba, har da wani da likita ya hana shan zaƙi, ya ce wa jikarsa zai kai. Kowa gefe. Nan na gane kuskurena: tire ɗaya gefensa kaɗan ne, tsakiya ta fi yawa. Dole na sauko da ƙananan gwangwanayen burodi na riƙa gasawa a ciki, yadda kowane yanka zai sami gefe. Mama ta ce wannan maguɗi ne, kuma ta san wanda na gado.

Ranar takwas ga wata muka wayi gari dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina. Na ɗauka shi ke nan, ba mai fitowa. Amma kafin mu gama share bakin ƙofa layi ya kai shagon aski. Tagogi suka yi gumi, ƙamshin cakulan ya cika titi. Malaman makaranta suka yi odar tire-tire, wani yaron gidan rediyon garin ya zo yana tambayar mutane ɓangarensu. Miji da mata suna shigowa tare su rabu a gaban kwalabe. Rabon da in ji hayaniya irin wannan a shagon tun kafin Baba ya kwanta.

Wajen hantsi na hango motar Kawu Hal ta tsaya. Ya zagaya ya buɗe ɗaya ƙofar. Baba ne, cikin kwat ɗinsa ta zuwa coci, an yi masa aski, sanda a hannun hagu. Ya daɗe kafin ya hau matakalar nan biyu. Da ya turo ƙofa, kowa ya juyo yana kallonsa. Mutane suka dare, wasu suka sunkuyar da kai, wata ta dafe ƙirji. Abin da yake gudu ke nan tun Afrilu. Ya tsaya a bakin ƙofa, na ga kafaɗarsa ta fara juyawa.

Sai muryar Mama daga bayan kanta: "Vernon, ko ka shigo ko ka fita, kana sako mana sanyi! In kuma ƙuri'a ka zo jefawa, bi layi kamar kowa. Ba a san mai gida ba yau."

Mai aski ne ya fara fashewa da dariya, sai kowa ya ɗauka. Baba ya shigo. 'Yan kwana-kwana suka hau tafi suna kiran "Gefe! Gefe!", matan coci suna mayar musu. Kawu Hal ya jawo kujera ya ajiye dab da kwalaben, ya ce ɗan takara yana da haƙƙin sa ido a kan akwatinsa.

Mutane suka riƙa zuwa gaishe shi, ba da muryar dubiya ba. Wani ya ce masa ya yi ƙiba, wani ya ce tun da ya daina zuwa kifayen tafki suka samu lafiya. Baba yana gyaɗa kai, wani lokaci ya jefa kalma ɗaya. Ni aiki ya sha kaina, ban ƙara bi ta kansa ba, sai da na ji Misis Odegaard ta ƙwala ihu.

"Lorraine! Zo ki ga abin kunya!"

Ashe Kawu Hal ya tsaya ya baje jarida kamar mai karatu, ya kare kwalaben, Baba kuma ya zura hannun hagu cikin ta Mama yana ɗibar wake yana zubawa a tasa. An kama shi hannu a ciki, wuyan kwalbar ya riƙe shi.

Mama ta zagayo ta riƙe ƙugu. "Yau na ga ikon Allah. Shekara arba'in da wani abu ashe da ɓarawon akwati nake zaune. Me za ka ce?"

Baba ya dubi hannunsa, ya dube ta, sannan ya nuna amininsa da haɓa. "Hal."

"Ni?" in ji Kawu Hal. "Jama'a ku ji min mutum! Ni da na zo karanta jarida?"

Baba ya kama dariya. Rabin fuskarsa ne kawai ke yi, amma duk jikinsa na girgiza, hawaye na zuba, har sai da na kawo masa ruwa. Misis Odegaard ta ƙwace kwalaben ta rungume, ta ce daga yanzu suna hannun coci.

Da la'asar aka jera su a kan kanta. Ba sai an ƙirga ba, duk da satar, ta Mama ta fi tudu. Matan suka ce hukuncin wanda ya faɗi shi ne ya ci na abokin hamayya a gaban jama'a. Mama ta yanko tsakiyar tsakiya, ta gutsura ƙanana yadda ba zai shaƙe shi ba, ta ba shi a baki da hannunta. Ya yi ta taunawa, kowa ya zuba ido. Ya haɗiye, ya yamutsa fuska kamar ya sha maɗaci, ya buɗe baki a ƙara masa.

Ana cikin shewa na nemi Mama na rasa. Na same ta a ɗakin ajiya, zaune a kan buhun fulawa, ta rufe fuska da rigar aikinta.

"Mama?"

"Fita ki sallami mutane," ta ce, ba ta buɗe fuskar ba. "Ina zuwa. Kuma kada ki kuskura ki gaya masa."

Washegari Baba bai iya tashi ba don gajiya, har na tsorata ko mun yi ganganci. Amma da sabon mako ya kama, na fito na same shi a bakin ƙofa da kwat ɗinsa, yana jira. Hannun bai dawo ba har yau, maganar ma sai a hankali. Yana zama a kujerar bakin taga da safe, yana naɗa kwalaye da hannu ɗaya, in ya gaji Kawu Hal ya mayar da shi gida. Mutane sun koma zama.

Kwanan baya wani direban babbar mota, baƙo, ya shigo shan kofi, ya tambayi Baba hanyar fita babban titin da ke zuwa birnin Green Bay. Na buɗe baki zan amsa, Mama ta damƙe mini hannu. Baba ya ajiye kwalin da ke hannunsa, ya shiga bayani, kalma ɗaya, hutu, kalma ɗaya, yana nuni da sanda. Mutumin ya tsaya ya saurara har ƙarshe, ya yi godiya, ya fita. Baba ya koma kan kwalayensa yana hura hanci.

Mama ta matso kusa da kunnena. "Bi ta ƙofar baya ki tare shi kafin ya tada mota. An rufe gadar da ke kan hanyar da ya kwatanta masa tun bazara, ubanki bai sani ba."

Na ajiye tire na ruga a guje, ko kwat ban ɗauka ba.