Mangwaron Alhasan

"Aje gatarin nan, Yaya," in ji Rukayya.

"Matsa mini."

"Sai dai ka fara da ni."

Musbahu ya dubi ƙanwarsa, ya dubi gaɓar kogin. Tun farkon damina ruwa ke cin ƙasar lambunsu da ke gefen garin Abu Hujar, yana yagar ta kamar mai gutsurar gurasa. Yanzu rabin saiwoyin babban mangwaron a waje suke, suna reto a saman jan ruwa.

"Ke makauniya ce? Wanga icce ya riga ya tafi. In ya faɗi da kansa, zai ja gaɓar nan duka, da injin ban ruwa, da layin ayaba. Mi za mu ci? Ganye?"

"Cibiyar Alhasan na ƙarƙashinsa."

"Cibiya! Tururuwa sun gama da ita tun muna rarrafe."

"To je ka faɗa wa Inna haka. Ga bakinka, ga kunnenta."

A gidansu haka aka saba tun kakanni: duk jaririn da aka haifa, a binne cibiyarsa a lambu, a dasa mangwaro a kai. Itacen nasa ne. In ya nuna, ba mai taɓa ko ɗaya sai mai shi ya fara ci. Na Musbahu mai tsami ne, mai zare. Na Rukayya bai cika haihuwa ba. Na wansu Alhasan kuwa, ƙamshinsa ke tsayar da masu wucewa a hanya.

Alhasan ya tafi birnin Madani neman aiki kafin yaƙi ya iso can. Daga nan wayarsa ta mutu. Wasu sun ce sun gan shi a hanyar Sinnar, wasu sun ce ba shi ba ne. Tun daga lokacin, mangwaron ke nuna yana zubowa yana ruɓewa. Birai su ci, jemagu su ci, mutanen gida su bi ta gefe suna haɗiyar yawu. Mahaifiyarsu Inna Zainabu kuma kowace safiya sai ta zo ta share gindinsa, ta duba ganye, ta ce, "Lafiyarsa lau." Ba wanda ya taɓa tambayarta wa take nufi.

Musbahu ya jefar da gatarin. "Shi ke nan. Ku zauna da iccenku."

Amma kafin ya bar lambun, sai da ya zaro wuƙa ya yanki wani ɗanyen reshe, ya naɗe shi a jiƙaƙƙen tsumma. Can sama, nesa da gaɓa, yana da wani ɗan tsiro da ya fito daga ƙwallon mangwaronsa mai tsami. Ya tsaga shi, ya soka reshen, ya ɗaure da leda kamar yadda babansu ya koya musu aurar da itace. Bai gaya wa kowa ba. Kullum in ya je ban ruwa sai ya leƙa. Har ya fid da rai, sai ga jajayen ganye biyu sun ɓullo.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne, ba iska, ba hadari. Ƙasa ta yi wani nishi, mangwaron ya sunkuya a hankali kamar tsoho zai zauna, sannan ya tafi. Injin ya bi shi. Ayaba ta bi su. Ruwa ya juya itacen, rassa a ƙasa, saiwa a sama, ya yi arewa da shi.

Inna na tsaye da tsintsiya a hannu. Ba ta yi kuka ba. Ta bi shi da ido har ya sha kwana. Rukayya ce ta durƙushe ta rufe fuska da mayafi.

Musbahu ya ji maganar da ya daɗe yana tanadi ta zo masa baki, cewa ai ya faɗa. Ya haɗiye ta.

"Inna, taho ki ga wani abu."

Ya riƙe hannunta suka hau tudu, Rukayya na biye. Ya nuna mata ɗan tsiron, ledar na nan a wuyansa.

"Reshensa ne. Na yanko tun kwanaki. In Allah ya raya shi, irin 'ya'yan nan zai yi, ba bambanci."

Inna ta tsuguna da ƙyar. Ta shafa ganyen da bayan yatsa, ta sunsuna. Sai hannunta ya gangara ƙasa da ɗaurin, inda ɓawon ya sauya launi.

"Nan fa?"

"Gindin daga nawa ne."

"Naka."

"Na'am, Inna."

Ta daɗe tana kallon wurin da reshen da gindin suka haɗu. Daga ƙasa ana jin gaɓa na ci gaba da zubewa, gutsure bayan gutsure.

"To, Musbahu," ta ce, ba ta ɗago ba, "ran da ya nuna, kai za ka fara ci, ko jira za mu yi?"