Matar da Ta Sace Idanun Baba

Tun da aka kai Baba ɗakin kulawa ta musamman, kujera ta daina riƙe ni. In zauna, in miƙe, in leƙa ta gilashin ƙofa, in dawo. Ciwon huhu ne ya kayar da shi, ƙwayoyin cutar suka shiga jini. Wannan duk na iya haɗiyewa. Abin da ya hana ni sakat shi ne yadda yake kallona.

Baba mai gyaran agogo ne, mutumin da ko kaza bai iya yi wa tsawa ba. Ni ce autarsa, a gindin teburinsa na girma ina tsinto masa ƙananan ƙusoshin da suka faɗo. Amma ranar da aka cire masa bututun numfashi, na sa riga da takunkumi na shiga da murnata, ina kama hannunsa ya fizge.

"Ɓarauniya!" ya ce da dusasshiyar murya. "Ke kika sace min idanu. Fita!"

Washegari haka, rana ta uku ma haka. An ɗaure hannuwansa da ƙyalle mai laushi don kar ya tumɓuke robar ƙarin ruwa, yatsunsa suna ta lalube a kan bargo. Da ya ji motsina sai na'urar da ke kansa ta hau ƙara. Tsoro nake ji kar ya rasu, ya zama kalmarsa ta ƙarshe gare ni ke nan.

Yaya kuwa ta ƙara min gishiri a ciwo. "Auta, mai zafin ciwo ba ya ƙarya, abin da ke ciki ne yake fitowa. Ki tuna ko kin taɓa ɓata masa rai."

Yaya ke nan. Ko allura ta tsinta sai ta nema mata kwado da makulli, amma bakinta ba shi da linzami.

Na tare likitar a bakin gadon, ko sallama ban yi ba. "Likita, don Allah ki gaya min gaskiya. Mahaifina ya haukace ne, ko ni ce ya tsana?"

"Ko ɗaya," ta ce. "Jikinsa yana yaƙi da cutar, yaƙin ya tayar da kumburi a ko'ina. Kin san in gobara ta tashi a maƙwabta, hayaƙi har ɗakinki yake shiga. Haka kumburin yake taɓa ƙwaƙwalwa, mutum ya rikice. Muna gani a gwajin jininsa, kumburin bai sauka ba tukuna. Da yawa in ya sauka suna dawowa hayyacinsu."

"Da yawa? Shi fa?"

Likitar ta matsa kusa da Baba. Ta sunkuya tana duban karan hancinsa, inda wasu ƴan ramuka biyu suka zauna.

"Yana sa tabarau?"

"Ko wanka da kyar yake cirewa," na ce. Sai na juya na dubi Yaya.

"Na adana shi," ta ce tana gyara mayafi. "Ranar da aka kwantar da shi na cire. Asibiti fa, kaya ɓacewa suke yi. Yana gida, cikin durowata."

"Ku kawo," in ji likitar. "Ba zai sauke kumburin ba, wannan aikin magani ne. Amma mutum kansa a rikice, kuma ba ya ganin komai sai inuwoyi masu rufaffiyar fuska, dole ya firgita."

Raina ya ɓaci har kunnuwana suka yi zafi. Da na tsaya, da na faɗa wa Yaya abin da zan yi da-na-sani, don haka na fita a guje. Hanya ta cunkushe, na sauka daga mota na ƙarasa a ƙafa. Sai da na tsaya gaban durowar na tuna makullin yana jakarta. Na ɗauko gudumar Baba na ba kwadon haƙƙinsa. Ga tabaran can ƙarƙashin zannuwa, an naɗe shi cikin safa.

Na dawo lokacin ziyara ya kusa ƙarewa, ina haki. Yana ganin inuwata ya fara fizge-fizge. Na saƙala masa tabaran, na ja baya, likitar ta yi min alama na sauke takunkumin kaɗan.

Ya yi ta ƙifta ido. Ya dubi rufin ɗakin, ya dubi robobin da ke hannunsa, ya daɗe a kan agogon bango. Bai warke ba, don ya tambayi wa ya shigo da shagonsa cikin jirgi. Daga nan idonsa ya sauka a kaina, yatsunsa suka tsaya.

"Auta?"

"Na'am, Baba."

"Ina kika shiga, kika bar ni?" Ya yi ƙasa da murya yana waige-waige. "Wata mata ce take ta zuwa tana kama min hannu. Na yi ta kiranki. Kar ki bari ta dawo."

Na kama hannun nasa, wannan karon bai fizge ba.

"Ba za ta dawo ba, Baba," na ce.