Hannun Inna Matalena

Minti ashirin sun wuce, Sinalei ba ta ce uffan ba. Inna Matalena ta dubi agogon ɗakin jarrabawar, ta dubi farar takardar da ke gabanta.

Yarinyar na cikin waɗanda haruffa ke rikice musu a ido. Ƙa'idar jarrabawa ta ba irinta wanda zai karanta mata tambaya, ya rubuta abin da ta faɗa, ba ƙari ba gyara. Idan ta faɗi wannan takarda ta tarihi, ta rasa gurbin koyon aikin jinya. Makarantar da ke Otara, unguwar 'yan ci-rani, wai don ta saki jiki, sai ta haɗa ta da Matalena, 'yar tsibirin Samoa kamarta. Ba wanda ya tuna Matalena matar limamin cocinsu ce.

"Sinalei, bakin naki a gida kika baro shi?"

"Inna, ta yaya zan zauna kafaɗa da kafaɗa da ke, in ce miki rubuta kaza? Kakata ta ji, ai na shiga uku."

Matalena ta kusa dariya. Amsa dai ba ta da ikon ba ta, amma ba a hana zaman ƙasa ba.

"To sauka ki zauna yadda kike yi a gida."

Yarinyar ta zame ƙasa, ta tanƙwashe ƙafa, ta sunkuyar da kai. Sai magana ta ɓalle. Ta kawo shekarun da kakanninsu suka baro tsibiri, da masana'antun da suka haɗiye su, da dalilin kowane abu, a jere, ba gargada. Matalena ta shekara talatin tana sauraron wa'azi, ba ta taɓa jin zance ya zauna haka ba. Wannan ce yarinyar da ake tsallakewa idan an zo karatun Littafi a coci?

Matalena ta yi ta rubutu har yatsunta suka ƙage. Da lokaci ya cika, shafi tara ne.

Sinalei ta ɗago, ta ƙura wa takardun ido.

"Inna, duk wannan ni na faɗa?"

"Ke kika faɗa, 'yar nan." Matalena ta haɗa takardun wuri ɗaya. "Wani wurin ma da ƙyar na kamo ki."