Rawanin Usta Haridi

A masana'antar ƙarfe da ke bayan birnin Helwan, babu wanda ya taɓa ganin kan Haridi, wanda ake kira Usta, wato gwanin sana'a. Tun da ya baro ƙauyensu na kudu yana saurayi da rawani yake walda, fari da safe, kafin la'asar ya koma launin toka. A garinsu namiji ba ya buɗe kai a gaban maza sai ranar da za a yi masa wankan ƙarshe.

Da can wannan bai dami kowa ba. Teburinsa na kusurwa, sama da shi babu komai sai rufin kwano da tantabaru, hular kwano kuwa ta waɗanda kaya ke wucewa ta kansu ce. Sai aka ƙara wa injin ɗaga ƙarfe tsawon hanya, ƙugiyarsa ta fara isowa kusurwar. Aka ja layi da fenti rawaya a ƙasa, teburin Haridi ya faɗo ciki.

Injiniya Nermin, mai kula da lafiyar ma'aikata, ta kawo masa hula da kanta.

"Baba Haridi, duk wanda ke cikin layin nan sai da ita."

Ya karɓa, ya ɗora ta a ƙolin rawani.

Bishoy, maƙwabcin teburinsa, ya ajiye guduma don dariya. "Usta, ai ka zama hasumiya! Saura mu nemo maka ladani."

"Kai da ko kai ba ka da shi, me ka sani game da hula?"

Haridi ya sunkuya zai ɗauki ƙarfe, hular ta zame, ta mirgina har gindin ƙafar Nermin. Ta ɗauka, ta juya masa cikin hular.

"Baba, igiyoyin nan su ne hular. Sai sun kama kai sannan su shanye duka idan abu ya faɗo. A kan rawani kwano ne kawai. Bayan shayi za mu ɗaga babban ƙarfe. Ko hula a kai, ko in mayar da kai sito."

"Sito, 'yata? In zauna ina miƙa wa yara kusoshi?"

"A sito babu abin da ke rataye."

Lokacin shayi ya zauna shi kaɗai, hular a cinyarsa, bai taɓa gurasarsa da wake ba. Rana ta shigo ta hujojin rufi, ƙurar ƙarfe na iyo a cikin haskenta. Ya zuba mata ido har ƙarar injuna ta yi nisa. Sai ga kogin Nilu a bakin ƙauyensu da hantsi, ga jirgin rake yana tafe ba tare da an ga mai tuƙa shi ba. Mahaifinsa na tsaye a gaɓa yana naɗa rawani, yadin ya ƙi ƙarewa, yana ta zuwa daga ruwa kamar hazo. Haridi ya so ya tambaye shi wani abu. Tsohon bai waiwayo ba. Ko da ransa ma ba mai waiwaye ba ne.

Ƙararrawa ta tashe shi.

Ka'idar gidan ce, idan ƙararrawar inji ta kaɗa kowa ya tsai da hannu ya ɗaga kai, ba ya sauke ido sai kaya ya wuce. Babban ƙarfen ya taso daga can ƙarshen zaure, dogo, baƙi, yana lilo kaɗan. Shehata mai tuƙa injin yana cikin ɗan ɗakinsa na gilashi a sama. Duk haɓoɓi suka kalli rufi, har da ta Nermin.

Haridi ya dubi wuyoyin da suka miƙe. Ya kai hannu ya warware rawanin. Iska ta taɓa masa kai, sanyinta ya ba shi mamaki. Ya naɗe yadin, ya tura shi cikin riga a kan ƙirji, ya sa hula, ya ɗaure igiyar. Yatsunsa ba su san hanyar ba, sai da suka yi ta lalube.

Ƙarfen kuwa bai iso ba. Tafe yake kamar jirgin nan, a hankali, a hankali, yadda ba a taɓa ganin Shehata ya tuƙa ba. Inuwarsa ta bi ta kan teburin, ta wuce.

Da mutane suka sauke ido, Haridi na riƙe da sandar walda. Nermin ta dubi hular, ta taɓa igiyar da ɗan yatsa, ta yi gaba.

Bishoy ya ɗaga murya zuwa sama. "Shehata! Don girman Allah, kai ne kake can. Kan Usta sanƙo ne ko furfura?"

Shehata ya leƙo ta taga.

"Ni kaya nake kallo, ɗan'uwa."

Haridi ya kunna wuta.