Mai Ƙirga Ƙwarƙwatar Teku

Shekara da shekaru, in masuntan garin suna son sanin yadda kakar eban, ƙaramin kifin da suka fi dogara da shi, za ta kasance, wajen Dokta Kobina Essilfie suke zuwa. Shi ne masanin kifi a tashar binciken teku da ke bayan kasuwa. Yakan zauna da su a gindin kwakwa, ya tsaga cikin kifi ya duba ƙwai, ya gaya musu abin da ya gani. Su kuma ba sa barinsa ya koma gida hannu rabbana.

A ɗakin ƙarshe na tashar, kusa da banɗaki, Dokta Araba Bentsil take aiki. Tare suka yi jami'a da Kobina, tare aka ɗauke su aiki. Ita aikinta ta ja wata raga mai laushi kamar ɗankwali a bayan kwalekwale, ta juye abin da ya maƙale cikin kwalabe, ta wuni a kan madubin bincike tana ƙirga wasu halittu da ba su kai ƙwayar gero ba. Su ne abincin eban. Kobina yakan tsokane ta a wajen cin abinci, ya ce a matsa, mai ƙirga ƙwarƙwatar teku ta iso. Kowa ya yi dariya, har da ita.

Sai eban ya fara ƙaranci. A watan Agusta, lokacin da ruwan sanyi ke tasowa daga ƙasan teku kifi ya biyo shi, kwalekwale suka riƙa dawowa da abin da bai taka kara ya karya ba. Mata masu banda suka zauna kusa da murhu babu hayaƙi. A nan ne Araba ta jera kwalabenta, har da na waɗanda suka riga ta aiki, ta nuna cewa tekun ya daɗe yana ɗumama a hankali. Halittun nan masu maiƙo da ke zuwa da sanyi sun ragu, wasu ƙanana marasa ƙiba sun maye gurbinsu.

Kafin a ce me, 'yan rediyo sun zo, baƙi daga ƙasashen waje sun zo. Shugaban tashar ya roƙi Kobina ya bar babban ofishinsa mai kallon teku, don kwalaben suna buƙatar wuri mai iska. Kobina ya ce ba komai, ya kwashe kayansa da kansa. Da ya koma gida, matarsa Ekua ta ajiye masa dokunu, tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ganye, da barkono, tana ba shi labarin yadda ta ji Araba a rediyo, magana tsaf kamar ba ita ba. Ya ce rediyo ai kowa ma yana shiga.

"To kai ma ka shiga mana, Baban Fiifi," in ji ta.

Bai gama cin dokunun ba.

Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne ranar da Nana Kweigya, sarkin masunta, ya shigo tashar riƙe da ƙatoton kifi. Kobina ya miƙe da fara'a. Tsohon ya gaishe shi da kyau, ya tambayi iyali, sannan ya ce, "Dokta, wane ɗaki aka mayar da Maame Araba?"

Ranar Talata, da yake ba a shiga teku, aka tara masunta a bakin ruwa don Araba ta yi musu bayani. Suna ta gyaɗa kai, don maganar ta yi musu daɗi: laifin zafi ne, ba nasu ba. Kobina kuwa ya kasa haƙuri. Ya miƙe ba tare da an ba shi dama ba, ya ce su daina ɓuya a bayan ƙwarin ruwa. Su ne ke kunna fitila a teku suna janyo kifi, su ne ke jefa raga mai ƙananan ido suna kwashe har 'ya'yan da ba su yi ƙwai ba. Gaskiya ce, kuma ya daɗe da saninta, amma bai taɓa faɗa musu ido da ido ba. Ranar ma ba don kifi ya faɗa ba.

Wuri ya kaure. Wani mai kwalekwale ya ce kifin da Dokta yake ci duk shekarun nan, da wace raga yake zaton an kama shi? Sai Araba ta ɗaga hannu, aka yi shiru.

"Abin da ɗan'uwana ya faɗa haka yake," ta ce. "Kifi yana fama da yunwa, ku kuma kuna kwashe wanda ya tsira. Zafin teku ba ya hannunku, fitila kuwa tana hannunku."

Suka yi gunaguni, amma suka saurara. Da ma ƙaryata shi ta yi, da ya fi masa sauƙi. Washegari rediyo ya ce Dokta Araba Bentsil ta gargaɗi masunta kan kamun kifi da fitila. Ba a ambaci sunansa ba.

Ita ce ta same shi a sabon ɗakinsa, ta ce su haɗa abin da ya sani na kifi da abin da ta sani na abincin kifi. Ya ce zai duba. Sai da ya ja mata rai har kaka ta wuce kafin ya yarda. Da suka haɗa, shekarun da halittunta suka ragu suka zo daidai da shekarun da kifinsa ya rame. Bai taɓa yin aiki mai kyau kamar wannan ba, kuma ya sani.

Da aka gayyace su taro a ƙasar waje, kujera ɗaya aka bayar, ita aka zaɓa. Ma'aikata suka shirya mata walimar rakiya. Kobina ya ce zazzaɓi yake ji, ya kwanta. Ekua ta tafi ita kaɗai, ta dawo da shinkafa da kaza a kwano, ta ce Araba ce ta zuba masa da hannunta, kuma ta yi ta yabonsa a gaban jama'a. Ya tashi zaune, ya ci shinkafar tas, sannan ya tambaye ta mutum nawa suka tafa lokacin da aka ambace shi.